Karar da Muka Yi wa Baba Likita

Duk wanda na gaya wa a cikin mutanenmu cewa na yi shekaru ina buga karta kowace Asabar, sai ya ɗan ja baya ya dube ni, yana neman alamar lalacewa a fuskata. To ku kwantar da hankalinku, ko sisin kwabo bai taɓa hawa teburin nan ba. Sunan wasan birij, kuma wanda ya koya mana shi dattijo ne da sallar jam'i ba ta wuce shi, likitan yara ne mutumin Kano da ya yi ritaya a nan ƙasar Turawa, a garin Springfield. Ya koyi wasan tun yana ɗalibi a Ingila. Baba Likita muke ce masa, har matarsa Hajiya haka take kiransa a gabanmu.

Mu huɗu ne. Ni injiniyan bututun ruwa ne, ina zaune a Greenbelt, sai na zagayo ta babban titin Beltway na tsallaka kogi kafin in iso gidansa, kuma in aka yi rashin sa'a da cunkoso sai in iso raina a ɓace, ina zagin duk wanda ya ba wasu mutane lasin tuƙi. Abokin wasana ɗan jarida ne Badamagare, mai aikin rediyo, mutum mai surutu da ba ya iya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" a bakin masu Faransanci. Abokin wasan Baba kuwa Farfesa ne, malamin lissafi a jami'a, wanda zai iya zama awa guda bai ce uffan ba. Muna haɗuwa bayan azahar a ɗakin ƙasa na gidan Baba, mu tashi sallar la'asar mu dawo, mu watse kafin magariba. Hajiya ta aiko da shayi da dambun nama, tana yi mana tsiya wai manyan banza sun taru.

Wasan biyu da biyu ne, abokinka yana zaune a gabanka, abokan hamayya a dama da hagu. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi taya, kamar dai a kasuwa. Kowa ya faɗi yawan cin da yake ganin shi da abokinsa za su yi, da kalar da yake so ta yi mulki a wannan zagaye, wanda ba shi da abin cewa ya ce ya wuce. Ba ka da ikon nuna wa abokinka abin da ke hannunka, ba ƙifta ido, ba tari, tayar nan ita ce kaɗai bakinka. Baba ya ƙi yarda mu riƙa kiran kalolin da Turanci a gidansa, shi ya raɗa musu suna: zuciya, mashi, daimon, ganye. Mashi ya fi kowace daraja, zuciya na bi masa.

Abin da ya fi ƙauna a wasan gaba ɗaya shi ne wanda ya sa wa suna tsoma baki. Wato abokin hamayya ya buɗe taya, ya nuna yana da ƙarfi, kai kuma maimakon ka ja bakinka ka yi shiru sai ka shigo da taka tayar a kan tasa. A nan ne ake gane ɗan wasa, in ji Baba. In ka tsoma baki da kala mai kyau, ka gaya wa abokinka inda ƙarfinka yake, ka kuma takura waɗancan, sai sun ɗaga taya sama da inda suka so. In ka tsoma da tarkace kuwa, za su ce sun ninka maka, wato in ka faɗi asararka ta ninku, su yi maka kaca-kaca.

Ni a hagun Baba nake zama, saboda haka duk sanda ya buɗe taya ni ne mai magana bayansa. Da farko, da yake Allah ya yi ni da gaggawa, komai na gani a hannuna sai in tsoma baki. Wata rana ya ce zuciya ɗaya, na ce ganye biyu da wasu 'yan ganye marasa galihu. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Injiniya, ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"To na ninka. Allah ya ji ƙanka."

Aka yi mini dukan kawo wuƙa. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan ya sa na baje katunan ya nuna mini dalili. Kati biyar aƙalla na kala ɗaya, ya ce, kuma da manya a samanta, irin wadda in abokinka ya jefo ta ba za ka ji kunya ba. In babu wannan, ka kama bakinka. In kuma akwai, yin shiru ragwanci ne. Da haka na koya, har na zama ƙaya a wuyansa. Yakan ce tun da ya bar Ingila bai samu wanda yake hana shi sakat a hagu kamata ba, kuma wallahi wannan maganar ta fi mini daɗi da duk wata takardar yabo da aka taɓa ba ni a wurin aiki.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya a cikin hunturu Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi makonni a asibiti, ya dawo yana jan ƙafa, hannun dama ba ya riƙe cokali sosai, magana tana fita a hankali kamar yana ɗauko kowace kalma daga nesa. Wani lokaci ya nemi kalma ya rasa, sai ka ga fuskarsa ta haɗe. Mutumin da ya yi shekaru yana gaya wa iyaye abin da ke damun 'ya'yansu, yanzu shi ake tambaya ko ya san ranar da ake ciki. Ya gaya mini da bakinsa, ranar da na je duba shi, cewa ƙafar ba ta dame shi ba.

"Kai nake tsoro, Injiniya," ya ce, yana nuna goshinsa da hannun hagu. "In nan ya tafi, me ya rage?"

Shi ya matsa a dawo da wasan Asabar. Ya ce a teburin nan ne kaɗai zai gane ko har yanzu shi ne.

Ranar da muka dawo, Hajiya ta tare mu a bakin matakala kafin mu sauka. Ta rage murya.

"Don Allah ku lallaɓa mini shi. Jininsa har yanzu ba ya zama wuri ɗaya. Ban da gardama, ban da wannan ihun naku. Ku bar shi ya ji daɗi."

Farfesa ya gyaɗa kai. Badamagare ya ce, "Bon, Hajiya, an gama." Ni ma na ce to. Me za ka ce wa uwa irin wannan a cikin gidanta?

Ba mu zauna mun ƙulla komai ba, kada wani ya ɗauka taro muka yi. Abin da kansa ya zo. An kawo masa wani ɗan katako mai tsaga da yake jera katunansa a ciki, tunda hannu ɗaya ba ya iya riƙe goma sha uku. Yakan daɗe yana dubansu, leɓensa na motsi, sannan ya ce, "Zuciya... ɗaya." Ka ga wahalar da ya sha kafin maganar ta fito. To a ina zan samu fuskar da zan hau kanta nan take in ce mashi ɗaya? Mu da aka raine mu a kan in babba yana magana ka saurara, in yana ciniki ba ka taya a kan tayinsa, in ba shi da lafiya ko muryarka ba ka ɗagawa a gabansa. Sai na ce na wuce. Da zagaye ya juyo ta wajen Badamagare, shi ma ya wuce. Baba ya samu wasan a taya mai sauƙi, ya buga a hankali, ya ci, ya yi murmushi da rabin bakinsa. Muka ce masha Allah, Baba ya dawo.

Haka muka yi ta yi har bazara ta shigo. In Farfesa ne ya buɗe taya, mukan tsoma baki kamar da, mu yi faɗanmu. In Baba ne, sai hanya ta buɗe masa fetal. Har yau in aka ce mini mugunta ce zan yi musu, kara ce, irin wadda kowane ɗan halak zai yi wa ubansa. Amma ba na jin daɗinta. Ina komawa gida ina huci a mota, in ce wa Badamagare a waya wannan ba wasa ba ne, jinya ce. Shi kuma ya ce, "Bon, to kai ka fara mana, tunda kai ne jarumi." Sai in yi tsaki in kashe wayar.

Wata Asabar muka sauko muka tarar an riga an raba karta, kashi huɗu, kowane a gaban kujerar mai shi. Baba yana zaune da farar jallabiya, nasa katunan a jere cikin katakon.

"Na raba kafin ku iso," ya ce. "Wannan hannun nawa yana ɓata muku lokaci."

Babu wanda ya kawo komai a ransa. Na ɗauki nawa na buɗe. Mashi shida, sarki da sarauniya da bawa da goma suna jere a sama, ga kuma babban katin daimon a gefe. Ko yaron da ya fara wasa jiya ya san abin da ake yi da wannan hannu. A shekarun da na yi a teburin nan lokutan da na riƙe irinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Baba ya ce, "Zuciya ɗaya."

Yatsuna har ƙaiƙayi suke. Mashi ɗaya kawai zan ce, ko ɗaga taya ba sai na yi ba tunda mashi ya fi zuciya. Na dubi Baba. Idonsa na kan katakonsa, hannun daman nan yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. A sama ina jin takun Hajiya a kicin. Na ce a raina, wasa ɗaya ne, me zai rage ni da shi?

"Na wuce."

Farfesa ya ce zuciya biyu. Badamagare ya wuce. Magana ta dawo kan Baba, ya ce shi ma ya wuce. Wato an sake miƙo mini dama ke nan, in na yi shiru taya ta rufe a zuciya biyu. Wannan karon ya ɗago kai ya dube ni sosai, ya jira. Ni kuwa, don rashin rabo, na ɗauka gajiya ce a idonsa.

"Na wuce," na sake cewa.

Ni ya kamata in fara jefa kati. Na kai hannu ke nan ya ce, "Dakata. Kife su a tebur."

Na kife su. Ya miƙo yatsan hagu yana nuna bayansu.

"Sarkin mashi. Sarauniya. Bawa. Goma. Bakwai. Huɗu." A hankali yake faɗa, amma ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba. "Babban daimon da ƙanana biyu. Zuciya biyu, ganye biyu. Buɗe mu gani ko na yi ƙarya."

Na buɗe. Ko ɗaya bai kuskure ba. Ya juya ga Badamagare ya ce masa yana da mashi huɗu har da babbansu, ya faɗi sauran. Badamagare ya baje nasa a tebur, haka suke.

"Tun jiya nake jera su da hannu ɗaya," Baba ya ce. "Ku biyu kuna da mashi goma a tsakaninku. Wasan naku ne har mashi huɗu, ko makaho zai ci. Kun bar mini shi a zuciya biyu." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Na daɗe ina zargi. Na ce ko dai kaina ne ya lalace har nake ganin abin da babu. Ina cin wasa, ina hawa sama in ce wa Hajiya na warke. Ashe sadaka kuke ba ni."

"Haba Baba," na ce, "wallahi ba haka ba ne. Girmanka muka..."

"Injiniya, da kai ne ka faɗi a banɗaki, ka tambaye ni ko kanka na aiki, ƙarya zan yi maka?"

Na san ba zai yi ba. Farfesa ya buɗe baki a karo na farko a ranar in ban da taya, ya ce a yi haƙuri, niyya mai kyau ce. Baba ya ce ya sani, shi ya sa abin ya fi ciwo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya zare katunansa ɗaya bayan ɗaya daga katakon ya tara su, ya ce mu hau mu yi la'asar, yau wasa ya ƙare.

A falo Hajiya ta ga fuskokinmu ta gane. Ta ce ita ce ta sa mu, a ɗora mata. Ya ce mata, "Ke matata ce, aikinki ke nan ki ji tsoro. Su kuwa abokan wasana ne." Muka yi salla a bayan Farfesa, muka yi sallama kamar kullum, har ya tambayi lafiyar iyalina. Asabar ta gaba Hajiya ta kira ta ce Baba ya ce a huta tukuna. Ta bayanta ma haka.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi da Badamagare, na yi fushi da Farfesa da shirunsa, har da Baban kansa. Na ce wa matata wane irin mutum ne za a girmama shi ya mai da abin laifi? Da na ce mashi ɗaya jininsa ya hau ya sake faɗuwa, da wa za a zaga a garin nan in ba ni ba? Ta bar ni na gama bambamina, ta ce in je in gaishe shi dai.

Ban kai ga zuwa ba sai ga wayarsa. Ya ce akwai cibiyar tsofaffi ta unguwarsu, suna buga birij ranar Asabar da hantsi, an hana shi tuƙi, Hajiya kuma ba ta son babban titi. Ko zan iya kai shi? Na ce ko ƙarfe nawa ne.

Wani babban ɗaki ne mai fararen fitilu da warin kofi, tebura sun fi goma, kusan duk tsofaffin Turawa, mata sun fi yawa. Ba wanda ya san shi likita ne, ba wanda ya san Kano. Aka haɗa shi da wani tsoho mai na'urar ji a kunne, aka ba shi lamba, ya ajiye katakonsa. A can ba a faɗin taya da baki, akwai 'yan katuna a akwati da kake zarowa ka ajiye, abin da ya yi masa daidai. Ni na samu kujera a jikin bango kusa da inda ake rataye riguna, aka ce in zauna amma ban da magana.

A hagunsa, a wurina, wata tsohuwa ce 'yar firit, da robar iska a hanci da ƙaramar tukunyarta a gefen kujera. Baba ya daɗe yana duban katunansa, leɓe na motsi, ya zaro zuciya ɗaya ya ajiye. Kafin hannunsa ya koma ta fizgo mashi ɗaya ta dangwara a tebur, ko kallonsa ba ta yi ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuci wannan tsohuwa ba ta da ta ido. Aka yi ta hawa, Baba ya kai zuciya huɗu, ta zaro jan kati ta ninka masa. Ya buga, ya yi iya yinsa, ya faɗi da ci biyu. Ta rubuta makinta tana taunar cingam.

Na dubi fuskarsa ina tsoron abin da zan gani. Dariya yake yi, irin wadda rabona da ji tun kafin ciwon, kafaɗarsa mai lafiya tana rawa. Ya ce mata da Turancinsa na Ingila ta yi kyau, ta ce masa da ya ja mashi tun farko da ɗaya kawai zai faɗi. Ya ce ba haka ba ne, suka kama gardama har mai kula da wasan ya zo ya ce su matsa tebur na gaba.

A mota bakinsa bai rufu ba. Kalmomin suna sarƙewa amma bai damu ba, yana ta lissafa mini inda ya yi kuskure da inda tsohuwar ta yi sa'a kawai. Sun zo kusa da na ƙarshe a ɗakin, ya ce, amma akwai zagaye biyu da ya buga su yadda ko a da sai haka. Kan yana nan, ya ɗan yi tsatsa ne. Na yi murna, Allah ya sani, amma ba cikakkiya ba. Wannan dariyar a ɗakin ƙasan gidansa ya kamata a yi ta, da shayin Hajiya a gefe, kuma ni ya kamata in jawo ta.

Na yi ta kai shi haka har ganye ya fara zuba. Na haddace fuskokin tsofaffin nan, har mai robar iska ta fara ɗaga mini hannu, tana ɗauka ni ɗansa ne. Farfesa ya daina tambaya. Badamagare yakan kira lokaci-lokaci ya ce, "Bon, har yanzu?" in ce har yanzu.

Wata rana muna tsaye a danja kusa da gidansa, na ga yana cikin nishaɗi, na ce bari in gwada.

"Baba, mu dawo da Asabar ɗinmu mana. Ko da yamma ne bayan wannan. Wallahi tallahi zan tsoma baki. Sai ka gwammace wannan tsohuwar."

Ya yi murmushi, yana kallon titi.

"Na san za ka tsoma, Injiniya. Har fiye da kima za ka tsoma."

"To shi ke nan, me ya rage?"

"In ka tsoma, zan ce don in ji daɗi ka yi. In ka yi shiru, zan ce tausayina ka ji. Ta ina zan ƙara gane abin da ke hannunka?" Ya dafa gwiwata da hannun hagu. "Ba fushi nake ba. Kai ɗana ne, shi ya sa ba za ka iya ba. Waccan matar ko na mutu a kujerar nan, makinta za ta fara rubutawa."

Danja ta ba da hannu, na bayana ya danna mini ham, ban ko zage shi ba. Na kai Baba ƙofar gida, na riƙe masa katakonsa har ya hau matakala, ya ce in gaida iyali, sai Asabar da hantsi. Na ce Allah ya kai mu, na koma mota na daɗe a zaune ban tayar da ita ba.